Darasi: Yadda Ake Koya wa Yara Ilimin Wata da Tafiyar Sararin Samaniya da Tatsuniya da Wayar Hannu

A garuruwa irin su Jega, Aliero da Maiyama, duk wanda ya haura shekara talatin zai iya tuna yadda daren farin wata yake a da. Ana idar da sallar isha'i, a ci tuwo, 'yan mata su nufi dandali, ƙananan yara kuma su kewaye kaka a tsakar gida tana yi musu tatsuniya. Yau a gidaje da yawa wayar hannu ce ta gaje wurin kaka. Yara na kewaye yayansu ne, suna leƙen bidiyon TikTok ta bayan kafaɗarsa, kuma duk abin da suka gani sai su ɗauka gaskiya ne.

Wannan darasi na matashin da ke riƙe da wayar ne. Da ita da bakinsa zai iya koya wa ƙannensa mene ne wata, me ya sa yake girma yana raguwa, da yadda mutane suka je can suka dawo. Ba a buƙatar na'urar hangen nesa, ba a buƙatar data mai yawa. Abin da ake buƙata shi ne labari mai daɗi, da albasa guda, da tocilan, da manhaja ɗaya ko biyu.

Me ya sa sai ta tatsuniya?

Idan aka ce wa yaro ɗan shekara bakwai nisan wata kilomita 384,400 ne, kafin gari ya waye ya manta. Idan kuwa aka ce masa Gizo ya hau babur zai je wata, ya yi ta gudu dare da rana har wata tara bai isa ba, zai riƙe, gobe ma shi zai ba abokansa labari. Yaro yana riƙe abin da ya faru da wani, musamman idan akwai dariya ko tsoro a ciki.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Hausa. A 1969, shekarar da aka fara taka wata, aka buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda ke ba da labarin wani yaro da aka ɗauka aka yi yawo da shi a sararin samaniya. Ke nan fiye da shekara hamsin da suka wuce an riga an gwada haɗa labari da ilimin sama a harshen Hausa.

Akwai kuma wani dalili na kusa. Tun 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a Aliero. Yaron da ya tashi a Maiyama ko Jega ba ya nesa da ƙofarta. Amma da wuya ya yi sha'awar shiga idan tun yana ƙarami ya ɗauka kimiyya abin Turawa ce, ko haddar kalmomin Ingilishi ce da ake yi don cin jarrabawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙa'ida ta farko: a raba tatsuniya da labari

Bahaushe ya daɗe da raba abubuwa biyu. Tatsuniya ƙirƙira ce, ana buɗe ta da "Gatanan gatananku", a rufe da "Ƙurunƙus". Labari kuwa abin da ya faru ne. Duk yaro ya san Gizo ba ya magana a zahiri, domin an buɗe masa ƙofar tatsuniya kafin a fara.

Mai koyarwa ya riƙe wannan iyaka da kyau. Zaman kowane dare ya kasu uku:

1. Tatsuniya, wadda a cikinta an yarda a yi ƙari da ban dariya.
2. Bayan ƙurunƙus, a tambayi yara: "A cikin abin da kuka ji, wanne ne gaskiya, wanne ne ƙarya irin ta Gizo?"
3. A nuna musu gaskiyar da ido, ko a sama, ko a waya, ko da gwaji.

Mataki na biyu ya fi sauran muhimmanci. Yaron da ya saba tace labari tun a tsakar gida, shi ne gobe zai tsaya ya yi tambaya kafin ya tura saƙon ƙarya a WhatsApp.

Kayan aiki a waya

Stellarium Mobile: manhaja ce da ke nuna taswirar sama. Akwai ta kyauta a Play Store, kuma bayan an sauke ta tana nuna wata da manyan taurari ko babu data. Idan aka ɗaga wayar sama, tana nuna sunan abin da aka saita. Za ta nemi sanin wurin da ake, sai a kunna GPS, ko a rubuta da hannu: kusan digiri 12.2 arewa da 4.4 gabas ya wadatar wa Jega, Aliero da Maiyama duka. Wasu ƙananan wayoyi ba su da na'urar kamfas a ciki, don haka taswirar ba za ta bi motsin hannu ba. Wannan ba matsala ba ce, ana iya jan ta da yatsa. Idan kuma kamfas ɗin yana nan amma yana nuna gabas a kudu, a riƙa juya wayar a iska kamar ana zana lamba 8 har ya daidaita.

Sky Map: ta fi Stellarium sauƙi da rashin nauyi, ta dace da waya mai ƙaramin ma'aji.

Manhajar naɗar murya: tana zuwa da kusan kowace waya. Da ita za a ajiye tatsuniyar.

A rage hasken fuskar waya sosai, ko a kunna jan launi na dare da ke cikin Stellarium. Ido yana ɗaukar kusan minti 20 kafin ya saba da duhu, kuma farin haske yana rusa wannan nan take. Lokacin da sama ta fi tsabta shi ne bayan ɗaukewar damina, wajen Oktoba da Nuwamba, kafin hazon hunturu ya sauko, ko kuma daren da aka yi ruwa gari ya washe. Ranar da aka ɗauke wuta, wannan dama ce.

Gaskiyar da mai labari zai fara sani

Kafin a zauna da yara, a riƙe waɗannan:

- Wata ba shi da hasken kansa. Hasken rana ne ke faɗa masa ya dawo ƙasa.
- Nisansa kusan kilomita 384,400 ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa, za ta yi kwana 160. Babur mai gudun 60 zai yi kusan wata tara. Kumbon Apollo ya yi tafiyar cikin kwana uku da 'yan sa'o'i.
- Faɗinsa kilomita 3,474 ne, na duniya kuwa 12,742. Wato ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu.
- Ƙarfin da yake jan abu da shi kashi ɗaya cikin shida ne na duniya. Buhun shinkafa mai kilo 50 zai yi nauyin kamar kilo 8 a can.
- Babu iskar shaƙa, don haka babu ruwan sama, babu guguwa, kuma sauti ba ya tafiya.
- Da rana zafi yana kaiwa kusan digiri 120, ya wuce na tafasasshen ruwa. Da dare sanyi yana sauka ƙasa da sifili da fiye da digiri 130.
- Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kwana 29 da rabi ne. Shi ya sa watan Musulunci ke yin 29 ko 30, shekarar kuma ta zama kwana 354, azumi yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara.

Misalin tatsuniya: Gizo ya kai albasa wata

Ga samfuri. Mai labari yana iya sauya shi yadda ya ga dama, ya kuma yi wa Gizo tsamin bakinsa da aka sani.

Gatanan gatananku.

Wata shekara albasa ta yi kyau a Aliero har ta yi araha. Gizo ya kai buhunsa kasuwar Jega, ya wuni babu wanda ya taya. Da dare yana kwance a tsakar gida, ya ga wata fari tas. Ya ce, "Ƙoƙi, kin taɓa jin an noma albasa a can?" Ƙoƙi ta ce ba ta taɓa ji ba. Gizo ya ce, "To can za ta yi tsada."

Da safe ya haɗa tsani goma ya ɗaure, ya jingina da kuka, ya hau. Ko kan kukar bai wuce ba ya faɗo. Washegari ya ce bari ya tura kayan tukuna, ya sa albasa a majajjawa ya wurga sama. Ta tafi, ta tafi, ta dawo ta faɗo masa a ka. Ƙoƙi ta yi dariya ta ce, "Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo."

Wata yarinya 'yar makaranta tana wucewa ta ji su. Ta gaishe shi ta ce, "Baba Gizo, jifarka ce ba ta da sauri. Ƙasa tana jan komai. Wanda zai kuɓuce mata sai ya yi gudun kilomita goma sha ɗaya kafin a ce ɗaya."

Gizo ya ce, "Ɗiyata, wane doki ne ke wannan gudu?"

Ta ce, "Sunansa roka."

Suka ƙera roka, ta ɗinka musu riguna masu kauri da huluna na gilashi, ta ɗaura wa kowa tulun iska a baya. Aka kunna wuta, ƙasa ta girgiza, suka tashi. Da injin ya mutu sai Gizo ya ga albasarsa ta fito daga buhu tana yawo a cikin kumbo, shi ma ƙafarsa ta bar ƙasa. Ya yi ta iyo yana kamo su ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku suna tafiya.

Da suka sauka, Gizo ya sunkuci buhu, sai ya ji shi sakayau. Ya fasa ihu, "An sace mini albasa!" Ya zazzage ya ƙirga, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Yarinya ta ce masa ta cikin rediyon hula, "Baba, albasarka na nan. Watan ne ba ya ja da ƙarfi." Don murna Gizo ya yi tsalle, ya tashi sama kamar zai haye ɗaki.

Ya kashe rediyo don kada yarinya ta ji cinikinsa, ya shiga talla: "Albasa! Albasar Aliero!" Ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe. Ko yarinyar da ke gefensa ba ta waiwayo ba. Ya duba gabas, ya duba yamma, babu kasuwa, babu itace, babu ko tururuwa, sai ƙura mai launin toka da ramuka. Yunwa ta kama shi, ya ɗauki albasa zai buɗe hula ya ci. Yarinya ta yi wuf ta riƙe masa hannu, ta kunna masa rediyo ta ce, "Baba, kada ka kuskura. In ka buɗe, babu numfashi."

Gizo ya ɗaga kai. Sama baƙa ƙirin alhali rana na haskawa, ga wani ƙwallo shuɗi mai fari-fari yana rataye. Ya ce, "Wancan wane wata ne mai kyau haka?" Ta ce, "Gida ke nan. Ƙoƙi na can." Gizo ya yi shiru, ya ce, "To ai can ne kasuwa." Suka juyo. Albasa ta ƙare a miyar Ƙoƙi, sawun Gizo kuwa yana can har yau, don babu iskar da za ta share shi.

Ƙurunƙus kan kusu.

Bayan ƙurunƙus: tacewa

Yanzu sai tambaya. Ƙarya irin ta Gizo: gizo-gizo mai magana, da ƙera roka a tsakar gida. Gaskiya: saurin kuɓucewa daga jan duniya, wanda ya kai kilomita 11.2 a daƙiƙa, yawon kaya a cikin kumbo, tafiyar kwana uku, raguwar nauyi, rashin sauti, baƙar sama da rana tsaka, da sawun da ba ya gogewa. A bar yara su yi gardama kafin a faɗa musu. Za su yi mamakin yadda abubuwan da suka fi kama da ƙarya su ne gaskiyar.

Karin maganar Ƙoƙi ma darasi ce. Jifa yana faɗowa saboda ƙasa tana jan sa. Amma idan aka kai abu sama da iska aka tura shi a kwance da gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa, zai riƙa faɗowa, duniya kuma tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, don haka ba zai taɓa ƙasa ba. Haka tauraron ɗan'adam yake kewaya duniya. Shi ma wata haka yake yi.

Gwaji biyu da za a yi a tsakar gida

Gwajin nisa. A ɗauki ƙwallon ƙafa a matsayin duniya, da albasa matsakaiciya mai faɗin santimita 6 a matsayin wata. A tambayi yara inda ya kamata a ajiye albasar. Yawanci za su ajiye ta dab da ƙwallon. Wurinta na gaskiya mita shida da rabi ne, wato kamar taku tara na babban mutum, domin za a iya jera duniya 30 a tsakaninsu. A wannan ma'auni, tashar sararin samaniya da 'yan sama jannati ke zaune a ciki ba ta kai faɗin yatsa ɗaya daga jikin ƙwallon ba. Rana kuwa za ta zama ƙwallo mai tsayin mita 24, a nisan fiye da kilomita biyu da rabi.

Gwajin girma da raguwar wata. A soke albasa da tsinke. A kashe fitilu, wani ya tsaya nesa kaɗan riƙe da tocilan waya, shi ne rana. Yaro ya riƙe albasar a gabansa, ya ɗaga ta sama da kansa kaɗan. Kansa ne duniya. Idan ya fuskanci tocilan, gefen albasar da ke kallonsa duhu ne, wannan shi ne ƙarshen wata. Ya riƙa juyawa hagu a hankali: zai ga siririn haske kamar jinjirin wata, sannan rabi, sannan idan ya ba tocilan baya ya ga albasar ta haskaka duka, daren sha huɗu ke nan. In ya ci gaba sai ta riƙa raguwa.

Mutane da yawa, har da manya, suna zaton inuwar duniya ce ke rage wata. Gwajin yana nuna ba haka ba ne: kullum rabin wata yana cikin haske, abin da ke sauyawa shi ne yawan abin da ake hange daga ƙasa. Inuwar duniya tana aiki ne a husufi kawai. Yaro ya sauke albasar daidai fuskarsa yana ba tocilan baya, inuwar kansa za ta rufe ta. Wannan ne abin da ake ce wa rana ta kama wata. Ba ya faruwa duk wata saboda hanyar wata a karkace take da kusan digiri 5.

Labaran gaskiya da za a bayar

Bayan yara sun saba, sai a shiga labari, a gaya musu wannan ba tatsuniya ba ce.

A ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. A 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya kewaya duniya, cikin minti 108.

Arewacin Najeriya na cikin wannan tarihi. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashoshi a sassan duniya don bin sawun kumbunanta, ɗaya daga cikinsu tana Kano. Lokacin da John Glenn ya kewaya duniya sau uku a 20 ga Fabrairu 1962, tashar Kano na cikin masu sauraron kumbonsa. A watan Agusta 1963 kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ya yi magana da Shugaba John Kennedy ta waya, muryarsu ta bi ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2.

Apollo 11 ya tashi ranar 16 ga Yuli 1969 ɗauke da Neil Armstrong, Buzz Aldrin da Michael Collins. Ya sauka a wata ranar 20 ga Yuli, da ƙarfe 9:17 na dare agogon Najeriya. A wannan sa'a watan bai kai rabi ba, yana rataye a yammacin samaniyar Jega da mutum biyu a kansa. Suka dawo ranar 24 ga Yuli. Daga 1969 zuwa 1972 mutum 12 suka taka wata, suka kawo duwatsu da ƙasa kilo 382.

Ga abin da zai burge mai sha'awar kwamfuta: kwamfutar da ta sauke su tana da ma'ajin aiki na kusan kilobait 4. Waya mai RAM gigabait 2 ta ninka ta kusan sau 500,000. Ana cikin saukowa aiki ya yi mata yawa har ta fara nuna gargaɗi, amma an rubuta manhajarta yadda za ta ajiye ƙananan ayyuka ta riƙe muhimmai, shi ya sa ba a fasa sauka ba. Wadda ta jagoranci masu rubuta manhajar mace ce, Margaret Hamilton. Katherine Johnson, baƙar fata, tana cikin masu lissafin hanyar kumbunan, Mae Jemison kuma ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992. A tabbatar 'yan mata sun ji waɗannan sunaye.

Najeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, a 1999. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumba 2003. A 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa a lokacin da suke samun horo a Ingila. Sin ta sauke na'ura a bayan wata a 2019, Indiya kuma ta sauke tata kusa da ƙuryar kudancinsa a 23 ga Agusta 2023.

Jadawalin wata guda

Watan da kansa ne zai tsara darasin.

- Dare na 2 ko na 3: bayan magariba a duba yamma. Tatsuniyar Gizo da gwajin nisa. Idan akwai tauraro mai tsananin haske kusa, a duba a Stellarium. Sau da yawa Zara ce, wadda ake ce wa matar wata. A zahiri duniya ce mai kewaya rana, girmanta ya kusa na wannan duniyar.
- Dare na 7: wata ya yi rabi, yana tsakiyar sama da magariba. Gwajin albasa da tocilan.
- Dare na 14: yana fitowa daga gabas daidai faɗuwar rana. Labarin Apollo. Baƙaƙen tabon da ke fuskarsa filaye ne na narkakken dutse da ya daskare, a kan ɗaya daga cikinsu Apollo 11 ya sauka.
- Bayan dare na 20: wata ba ya fitowa sai dare ya yi nisa, domin kullum yana jinkiri da kusan minti 50. Lokacin kallon taurari ke nan. A lokacin sanyi a nemi Kaza da 'Ya'yanta.

Kowane yaro ya samu takarda ya riƙa zana siffar wata duk dare tare da kwanan wata. A manhajar NASA mai suna Spot the Station kuma ana ganin lokacin da tashar sararin samaniya za ta gifta. Tana tafiya a tsayin kusan kilomita 400, tana kewaya duniya cikin minti 90. Ana ganin ta da ido bayan magariba ko kafin asuba, kamar tauraro mai tafiya, ba ta ƙyaftawa irin na jirgin sama.

Tambayoyi masu wuya

"Da gaske an je wata?" Na'urar NASA da ke kewaya wata tun 2009 ta ɗauki hotunan wuraren da aka sauka, ana ganin kayan da aka bari da hanyoyin da aka taka. Akwai kuma madubai da aka ajiye a can, har yau masana na harba musu haske ya dawo cikin daƙiƙa biyu da rabi.

"Da gaske Armstrong ya ji kiran sallah a wata?" Wannan labari ya daɗe yana yawo, amma shi da kansa ya musanta shi tun yana raye. Akwai labaran gaskiya da za su maye gurbinsa: Sultan bin Salman na Saudiyya ya je sararin samaniya a 1985, Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya kuma ya je a cikin azumin 2007, bayan malaman ƙasarsa sun rubuta masa bayanin yadda zai yi sallah a can.

"Waya za ta iya faɗin ranar sallah?" Manhaja tana nuna inda za a nemi jinjirin wata da tsayinsa. Sanar da tsayuwar wata a Najeriya kuwa aikin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne da kwamitin ganin wata.

Idan yaro ya yi tambayar da ba a san amsarta ba, a ce masa za a bincika tare. Kada a ƙirƙira. Amsar da aka samo daga manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira ma a gwada ta da shafin NASA ko littafin makaranta, don suna yin kuskure.

Gargaɗi kan husufin rana

Kallon wata ba ya cutar da ido, ko a lokacin husufi, kamar wanda aka gani a daren 27 ga Yuli 2018. Rana dabam ce. A 29 ga Maris 2006 an yi husufin rana da ya duhunta Gusau da Katsina da rana tsaka. Wani yana tafe ranar 2 ga Agusta 2027, zai duhunta Makka da Jidda, a arewacin Najeriya kuma za a ga wani ɓangaren rana ya rufe. Kada a bar yaro ya kalli rana kai tsaye, ko ta baƙin tabarau, ko ta cikin ruwan kwano, domin tana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. Hanya mai aminci ita ce a huda kwali da allura, a ba rana baya, a kalli hasken da ya faɗa ƙasa.

A ajiye labarin, a ci gaba da shi

A naɗi tatsuniyar da manhajar murya, tare da amshin yara da dariyarsu. Fayil ɗin murya ba ya cin data kamar bidiyo, ana iya tura shi ga 'yan uwa ta WhatsApp ko Xender. Kada a ɗora hoton yara a intanet ba da izinin iyayensu ba. A roƙi kaka ita ma ta ba da nata tatsuniyoyin da sunayen taurarin da ta sani, a naɗa.

Ga yaran da suka kai shekara goma, akwai Pocket Code, manhaja ta kyauta da ake haɗa ƙananan wasanni da ita a kan waya ta hanyar jera tubala. Aikin farko mai sauƙi ne: yaro ya zana Gizo a takarda, a ɗauki hotonsa, a sa ya yi tsalle idan an taɓa fuskar waya. A ƙirƙiri ma'ajin lamba mai suna "ja". Idan Gizo yana duniya a sa masa 6, idan yana wata a sa 1, a riƙa rage saurin tashinsa da wannan lamba. Yaro zai ga bambancin tsallen da idonsa, ya kuma rubuta manhajarsa ta farko.

Aikin gida: a duba Stellarium a gano daren da wata mai zuwa zai yi kwana uku. Kafin ranar a karanta tatsuniyar Gizo sau biyu, a tanadi ƙwallo da albasa, a yi cajin waya, sannan a sanar da yaran gida cewa bayan isha'i akwai gatana.